Ɗigon Asid da Ƙarfen Silba: Tambayoyi da Amsoshi Daga Kumasi

Sana'ata walda ce, kuma ƙarfen sitenles, wanda a gida muke ce wa silba, shi na fi aiki da shi: makarin bene, ƙofa, sinkin wanke-wanke, teburin masu sayar da abinci, tankin ruwa. Daga Suame Magazine, unguwar makanikai da masu aikin ƙarfe a nan Kumasi, zuwa Aboabo da Asawase ƙorafin mutane iri ɗaya ne: an sayar musu da ƙarfe a kan ba ya tsatsa, ga shi ya yi. Wani lokaci ƙarfen ne mara kyau. Amma sau da yawa lafiyarsa ƙalau, asid ne ya taɓa shi, ɗan kaɗan, har mai gidan bai san an yi ba. Abin yana yi mini ciwo, domin kuɗin da ake kashewa a kan wannan ƙarfe ba kaɗan ba ne, kuma bokitin ruwa ɗaya a kan lokaci ya isa ya hana asarar. Ga tambayoyin da aka fi yi mini.

Ba an ce ƙarfen silba ba ya tsatsa ba?

Yana yi, sai dai ya fi sauran ƙarfe juriya nesa ba kusa ba. Mafi yawan abin da ke jikinsa baƙin ƙarfe ne, irin na rodi da ƙusa. Abin da ya bambanta shi shi ne kuromiyam, wanda dole ya kai kashi 10.5 cikin 100 kafin a kira ƙarfe sitenles. A shekarar 1913 Harry Brearley ya narka irin wannan haɗin a birnin Sheffield na Ingila, lokacin yana neman ƙarfen da zai daɗe a bututun bindiga, daga baya aka shiga ƙera wuƙaƙe da shi.

Da zarar kuromiyam ya haɗu da iskar oksijin sai ya yi wani siririn lulluɓi a fuskar ƙarfen. Ido ba ya ganinsa. Kaurinsa 'yan nanomita ne, alhali a milimita ɗaya tak akwai nanomita miliyan ɗaya. Wannan lulluɓin ne ke raba ƙarfen da ruwa. Ko an karce shi da wuƙa yana sake haɗuwa da kansa, muddin wurin yana da tsabta kuma iska na kaiwa gare shi. Duk tsadar silba, wannan lulluɓin ka saya.

To yaya ɗigo ɗaya zai ɓata ƙarfe mai kauri haka?

Ɗigon ba ya buƙatar cinye ƙarfen. Ya ishe shi ya huda lulluɓin a wuri ɗaya, wurin da bai kai kan allura ba. Galibi yana samun ƙofa ne a inda wani ɗan datti na salfa da manganis ya maƙale a ƙarfen tun daga masana'anta, ko inda aka karce, ko inda wuta ta ƙona.

Da zarar rami ya buɗe, abu uku ne ke faruwa a cikinsa. Na farko, iska ba ta shiga sosai, saboda haka lulluɓin ba ya iya komawa. Na biyu, ƙarfen da ke narkewa a ciki yana haɗuwa da ruwa ya ƙara wa ruwan tsami, wato ramin ya fara yin asid nasa na kansa. Na uku, kuloraid, sinadarin da ke cikin gishiri da cikin asid ɗin wanke tayil, yana ta kwararowa cikin ramin daga waje. Ruwan da ke kwance a saman ƙarfen zai iya zama kusan na sha, amma na cikin ramin ya fi ruwan lemun tsami tsami. Ga kuma faɗin fuskar ƙarfen da ke kewaye, wadda ke da lulluɓinta, tana jan lantarki daga ɗan ramin nan, duk cin ya taru a wuri ɗaya.

Shi ya sa ɓarnar take kama da ta gara a jikin azara: a waje ɗan ɗigon tabo ne, a ciki ramin ya faɗaɗa ya yi zurfi. Tanki zai iya fara yoyo alhali kusan duk jikinsa yana walƙiya. Kuma shi ya sa goge tabon da tsumma ba ya tsayar da abin, domin asid ɗin da ya fara aikin ya daɗe da tafiya, wanda ke ci yanzu a cikin ramin ake yin sa.

Kowane asid ne ke yin haka?

A'a, kuma bambancinsu babba ne. Mafi sharri ga silba shi ne asid ɗin haidirokulorik, wanda masu sa tayil ke wanke ragowar siminti da shi, kuma yana cikin da yawa daga magungunan wanke masai. Shi ya haɗa masifa biyu a jiki ɗaya: ga tsamin da ke narka lulluɓin, ga kuloraid da ke hana shi komawa. Babu wani yawan ruwa da za a sirka shi da shi in ce maka ka bar shi a kan silba hankali kwance.

Akwai kuma waɗanda akasin haka suke yi. Asid ɗin naitirik da na sitirik (sitirik shi ne irin wanda ke cikin lemun tsami), su masana'antu ke wanke sabon sitenles da su don su cire ɓurɓushin baƙin ƙarfe, lulluɓin ya fito da kyau. Fosforik ma, in an sirka shi, ba ya cika yi wa silba illa. Saboda haka idan za ka sayi maganin wanki, juya gorar ka karanta abin da ke ciki. In ka ga haidirokulorik ko muriyatik, abu ɗaya ne, kada ya kusanci ƙarfenka.

Malam, wallahi ban zuba a kai ba. Jarkar a rufe take a ƙarƙashin sinki.

Na yarda, Hajiya. Ai ba sai an zuba ba. Wannan asid iska ce aka narkar a ruwa, kullum tana neman hanyar fita, kuma murfin roba da aka buɗe sau biyu sau uku ba ya riƙe ta. Tururin yana cika kabad ɗin, ya sauka a ƙasan sinkin inda raɓa ke taruwa, ya narke a cikin raɓar ya koma asid. Ki leƙa ƙarƙashi da tocila: za ki ga ja-ja a bayan sinkin, da maƙalan ƙofar kabad ɗin, da kan bututun famfo.

Abin bai tsaya nan ba. Idan asid ɗin ya ci ƙarfe yana barin wani gishiri mai suna ferik kuloraid, wanda ke jan laima daga iska, ba ya bari wurin ya bushe. Wannan gishirin shi ne ainihin abin da ɗakunan gwaji ke jiƙa sitenles a ciki idan suna son su auna yadda yake jure ramuka. Ga Kumasi da laima, damina biyu a shekara, wurin zai yi watanni a jiƙe ba tare da kowa ya watsa masa ruwa ba.

A fitar da jarkar daga kicin gaba ɗaya. Wurinta waje ne, a inuwa, inda iska ke wucewa, nesa da ƙarfe da hannun yara.

Ruwan batir fa?

Wannan tambayar 'yan Magazine ce, masu cajin batir da masu wayarin mota. Ruwan batir asid ɗin salfiyurik ne, kusan kashi ɗaya cikin uku, sauran ruwa. A wannan ƙarfin yana cin sitenles na yau da kullum sosai. Halinsa kuma daban ne: ba ya tashi ya bi iska. Idan ɗigo ya faɗi a kan teburi, ruwan ne ke ƙafewa, asid ɗin ya zauna ya ƙara ƙarfi. Wanda ya ce bari ya bushe da kansa ya ba shi lokaci ne kawai. Batirin da ake caji kuma yana fesa ɗan ƙananan ɗigo a kewayensa, don haka kada a yi caji kusa da kayan silba. Tire na roba ya fi dacewa da wannan aikin.

Ni koko nake sayarwa, ƙanwata kuma sobolo, wato zoɓo. Duk abu ne mai tsami. Mu daina amfani da silba ke nan?

Kada ku daina, Hajiya. Tsamin gasarar koko, da na kullun dokunu, da tsamiya, da tumatir, da sobolo, da nono, duk asid ne marasa ƙarfi, kuma silba mai kyau tana ɗaukar su ba matsala. Kamfanonin madara da na lemo a duniya da wannan ƙarfen suke yin tankunansu da bututunsu. A nan silba ta fi tukunyar dalma, domin dalma tsami yana cinta, kanwa ma tana cinta, ita kuwa silba kanwa ba ta dame ta ba.

Inda ake samun matsala shi ne idan tsami ya haɗu da gishiri, aka kuma bar su suka kwana. Miyar tumatir da aka sa wa gishiri da dunƙule, shito, ruwan da aka jiƙa kifi mai gishiri irin koobi ko momoni a ciki, yankakken lemun tsami da aka bari a kan tire da gishiri a gefe. Gishiri ya kawo kuloraid, tsami ya raunana lulluɓin, dare ya ba su lokaci. Dafawa ta awa biyu ba komai ba ce. Ajiya ta kwana uku ita ce ke huda gindin kwano, musamman kwanukan nan marasa nauyi masu araha. Abin ajiya a juye shi a kwalba ko roba mai murfi.

Wani abu da na ga ya zama ruwan dare: a zuba gishiri a tukunya tun ruwa na sanyi, ya nutse ya kwanta a gindi. Kowace ƙwayar gishiri tana yin ɗan tafkin ruwan gishiri mai kauri a inda ta zauna, shi ne fararen ɗige-ɗigen nan da ake gani a gindin tukunya waɗanda ba sa fita. A bari ruwa ya tafasa, a zuba, a juya.

Bilic ai ba asid ba ne. Shi ma yana ci?

Gaskiya ne ba asid ba ne, amma kulorin ne ke cikinsa, kuma yana haƙa ramuka iri ɗaya. In an sirka shi sosai, an goge, an ɗauraye nan da 'yan mintuna, silba mai kyau za ta jure. Jiƙa cokula a cikinsa su kwana, ko barin tsumman bilic a kan sinki, shi ne ɓarna.

Abin da ya fi ƙarfen muhimmanci: kada a taɓa haɗa bilic da asid ɗin tayil ko maganin masai. Haɗin yana fitar da iskar kulorin, wadda ke ƙona huhu, kuma a ɗan ƙaramin banɗaki mara taga tana iya kashe mutum. Don Allah a gaya wa yaran da ake sa wa wanki.

Me ya sa tsatsar ta fi fitowa a wurin walda?

Nan kam laifin yana iya zama namu, masu sana'ar. Wuta tana barin launi a gefen walda, ruwan zinariya, shuɗi, har baƙi. Wasu ma suna ganin ado ne. A ƙarƙashin wannan launin kuromiyam ya ragu, don haka lulluɓin wurin ba shi da ƙarfi, tururin asid kaɗan ya ishe shi. Dole a cire launin har a kai ga farin ƙarfe.

Sannan idan ƙarfen ya daɗe a zafin da ke tsakanin digiri 450 zuwa 850 a ma'aunin Salshiyas, kabon da ke cikinsa yana kama kuromiyam ya ɗaure shi, gefen waldar ya zama fili ga tsatsa. Saboda wannan ne aka yi nau'in silbar da ake ƙara wa lambarsa harafin L, kamar 304L, wanda kabon ɗinsa bai wuce kashi 0.03 cikin 100 ba. Mai walda ya rage wuta, ya yi sauri, kada ya tsaya yana dafa wuri ɗaya.

Na uku shi ne kayan aiki. Faifan giranda da aka yanka rodi da shi da safe, aka goge silba da shi da rana, ya dasa ɓurɓushin baƙin ƙarfe a jikinta. Haka burushin waya, haka tartsatsin maƙwabcin da ke yankan ƙarfe a gefe, kuma a Magazine kowa ya san yadda rumfuna suke manne da juna. Ɓurɓushin ne ke fara tsatsa, sannan ya buɗe wa rami hanya a ƙarƙashinsa. A shagona faifan silba daban, burushinta daban, kuma yaron da ya haɗa su zai sake aikin daga farko. A gida ma haka: soson ƙarfe na baƙin waya bai dace da tukunyar silba ba.

Maganaɗisu zai nuna mini mai kyau?

Rabin labari kawai yake bayarwa. Nau'in 430 yana da kuromiyam kashi 16 zuwa 18, ba shi da nikel, maganaɗisu yana kama shi. Nau'in 304, wanda ake buga wa 18/8 ko 18/10 a gindin kwano, kuromiyam ɗinsa kusan kashi 18 ne, nikel 8 ko fiye, maganaɗisu ba ya kama shi, sai dai ɗan ja a inda aka lanƙwasa ko aka buga. Nau'in 316 an ƙara masa molibdinam kashi 2 zuwa 3, shi ya fi jure gishiri.

Matsalar ita ce 201 da danginsa, waɗanda aka rage wa nikel aka cike da manganis don su yi araha. Su ma maganaɗisu ba ya kama su, a ido kuma ba ka raba su da 304. Mai saye ya manna maganaɗisu ya ga ya faɗi, ya biya kuɗin 304, ya tafi da 201. A cikin ɗaki busasshe 201 zai yi shekaru lafiya, ba na kushe shi. Amma a waje, ko a kicin, ko inda aka wanke tayil, shi ne farkon nuna tabo. In aikin babba ne, ka nemi takardar shaidar ƙarfen daga mai shigo da shi, kuma ka sa mai walda ya rubuta lambar nau'in a rasit. Wanda ya ƙi rubutawa ya riga ya ba ka amsa.

A sani kuma: ko 316 ba ya jure asid ɗin tayil. Jinkiri kawai yake yi.

Ɗan'uwana a Accra ya sa irin makarin benen da na sa, nasa ya yi ja, nawa bai yi ba.

Teku ce. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, kuma iska tana kwaso shi ta watsa a unguwannin gaɓa irin su Jamestown, Chorkor, Osu da Labadi, har ta ɗan shiga ciki. Gishirin yana kwanciya a kan ƙarfe, ya ja laima, ya zauna. A can 304 ma yana yin launin shayi, sai 316 ko wanda ya fi shi. Mu a Kumasi mun yi nisa da wannan, shi ya sa ƙarfen da zai kunyata mai walda a Accra yake rufa masa asiri a nan. Abin mamaki, ɓangaren da ruwan sama ke duka ya fi daɗewa a kan wanda ke ƙarƙashin rumfa, domin ruwan sama yana wanke shi. Ɗan'uwanka ya riƙa ɗauraye nasa da ruwan famfo a kai a kai.

Asid ya zube yanzu-yanzu. Me zan yi?

Ruwa, mai yawa, nan take. Kada ka goge da busasshen tsumma, shafa shi kake yi a ko'ina. Bayan ruwa, dama bekin soda cokali biyu ko uku a lita ɗaya ka wanke wurin, za ka ga yana kumfa in akwai sauran asid. Ka sake ɗaurayewa, ka goge ya bushe. Ka bi lunguna da kyau: ƙarƙashin kan noti, bakin roba, inda bututu ya shiga tayil, inda falle biyu suka hau juna. A nan ruwan asid ke ɓuya, iska ba ta kaiwa, kuma a nan cin ya fi tsanani.

In ya taɓa fata ko ido, a bar ƙarfen tukuna. A yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 15 zuwa 20, sannan a tafi asibiti. Mai sirka asid kuma ya zuba asid a cikin ruwa a hankali, kada ya zuba ruwa a cikin asid.

Tabon ya riga ya fito. Akwai gyara?

Ka sa farce ka ji. In sumul yake, launi ne kawai a sama, zai fita. A wanke da sabulu, a goge da bekin soda da soson roba, ana bin layin gogen ƙarfen, ba a gicciye ba. Sannan a dama garin sitirik, kamar giram 50 zuwa 100 a litar ruwan ɗumi, a shafa, a bar shi kamar rabin awa, a ɗauraye sosai a busar. A bar wurin ya sha iska kwana ɗaya ko biyu kafin a sa masa wani abu.

In farce yana maƙalewa, rami ne. Sai an ci ƙarfen da takardar gogewa har an wuce gindin ramin, in ba haka ba zai dawo. A falle mai kauri wannan mai yiwuwa ne. A sinki ko kwano mara kauri sau da yawa babu abin da za a ci, sai haƙuri.

Akwai man da masu walda ke shafawa don cire launin wuta. Yana aiki, amma akwai asid ɗin haidirofulorik a ciki, wanda ke ratsa fata ya shiga jiki tun kafin mutum ya ji zafi sosai. Ba kayan gida ba ne, kuma ko a shago ba na miƙa wa yaro mai koyo shi.

Tukunyar da ta yi ramuka, cin abinci a ciki yana da haɗari?

'Yan ɗige-ɗige a gindi ba abin tsoro ba ne. Abinci mai tsami da ya daɗe a wuta yana ɗan ɗebo nikel da kuromiyam daga tukunya, ya fi yawa a sabuwa, yana raguwa da amfani. Ga yawancin mutane wannan ba komai ba ne. Wanda nikel ke sa wa ƙaiƙayi, irin masu kumburi in sun sa ɗan kunne ko agogo, shi ne zai kula ya kuma tambayi likita. Ni abin da ya fi damuna da rami mai zurfi shi ne datti da ke maƙalewa a ciki wanda soso ba ya kaiwa. Mai sayar wa jama'a abinci, in bokitinta ya kai haka, ta canja shi.

Tankin ruwa na silba fa, da ƙwayar kulorin da ake jefawa?

Ruwan famfo ba ya damun 304. Abin da masana ke bi shi ne, 304 yana zama lafiya in kuloraid bai wuce kusan miligiram 200 a lita ba, 316 kuma har kusan 1,000. Ruwan teku yana da kusan 19,000. Mai borehol da ruwansa ke da ɗanɗanon gishiri ya kai a auna kafin ya sayi tanki. Ƙwayar kulorin kuwa kada a jefa ta ta kwanta a gindi, domin inda ta zauna nan za ta huda. A narkar da ita a bokitin roba tukuna, sannan a zuba a juya. Laka da ke taruwa a gindin tanki ma tana hana iska kaiwa ga ƙarfen, a riƙa kwashe ta.

Alhaji ya ce laifin mai walda ne, mai walda ya ce na mai tayil ne. Wa ke da gaskiya?

Tabon da kansa yana ba da shaida. In tsatsar ta tsaya a wuraren walda da inda aka yi giranda, sauran jikin fes, a nemi mai walda. In ta fi yawa a ƙasa kusa da tayil, tana raguwa yayin da ake hawa sama, da alamun fantsama, ga maƙalan ƙofa da kan famfo da makullai su ma sun yi ja a lokaci ɗaya, kuma abin ya fito kwana kaɗan bayan wankin gida, to asid ne. In kuwa ko'ina ya yi ɗige-ɗige daidai wa daida bayan damina ɗaya ba tare da an yi wani wanki ba, a binciki nau'in ƙarfen.

Ranka ya daɗe, mafita tana cikin jerin aiki. A gama tayil, a wanke, a ɗauraye, a buɗe tagogi gidan ya bushe, sannan a kira mu mu kafa silba. In dole sai an kafa ta da wuri, a hana asid ɗin haidirokulorik shiga gidan, a sayi maganin siminti na fosforik ko salfamik, shi ma a ɗauraye shi da wuri. Naɗe ƙarfen da leda ba ya wadatarwa, tururin yana shiga ta ƙasa, ledar kuma ta riƙe shi a jikin ƙarfen tare da laima. Mai tayil ma in ya goge ragowar siminti da soso da ruwa tun yana ɗanye, a ranar da ya sa, ba zai buƙaci asid ba sam. Wannan sharaɗin a faɗa masa tun ranar ciniki, a gaban mai kula da ginin.